Na je Kano koyon kallon yara

Makarantarmu ce ta tura ni Kano bitar hanyoyin bincike a ilimin ƙananan yara, kasancewar ni ke riƙe da ajin share fagen firamare. Daga Azare hanya babu abin faɗi, sai dai ranar Juma'a muka taso, ranar kasuwar shanu ta Wudil, muka maƙale a bakin gada har direba ya kashe mota ya fita sayen rake.

A Mandawari na sauka, gidan Goggo ƙanwar babana. Ban gama ajiye jaka ba ta aiki yaro ya sayo bandashe, gurasar nan da ake tsomawa a ruwa a barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa. "Ci, 'yar nan, ku can masa kawai kuka sani," in ji ta. Duk zamana ba ta bar ni na taɓa ko tsintsiya ba, kuɗin cefanen da na miƙa kuwa a ƙarƙashin matashina na tsince su.

Mai rajista a bakin zauren bita shi ya so ya ɓata mini safiya. Ko kai bai ɗaga ba ya ce sunana ba ya ciki, in matsa gefe. Na ce, "Malam, a ɗan sake dubawa mana." Ya ce shi ba a koya masa aiki. Sai da wata malama daga Kazaure ta sa yatsa a kan sunan, ga shi ɓaro-ɓaro, sannan ya turo mini takarda da bayan hannu. A garinmu ko korar mutum za ka yi, sai ka amsa sallamarsa tukuna.

Dakta mai koyar da mu ta fara da tambayar wa ya taɓa raba takardar tambayoyi a aikin kammala karatunsa. Kowa ya ɗaga hannu. Ta ce, "To ku ba ɗan shekara huɗu ya cike mu gani." Sai ta jera muraben kwalba sahu biyu daidai wa daida, ta tambaye mu ko yawansu ɗaya, sannan ta baje sahu guda ya yi tsawo ta sake tambaya. Gwajin Piaget ke nan, masanin tunanin yara mutumin Suwizalan, wanda ya ga ƙananan yara kan ce dogon sahun ya fi yawa. Amma a 1974 masu bincike McGarrigle da Donaldson, a Sikotilan, sun sa 'yar tsana "mai ɓarna" ta baje sahun kamar bisa kuskure, sai ga yara da yawa sun amsa daidai. Idan babba ya taɓa abu da hannunsa ya kuma maimaita tambaya, yaro yana ɗauka wata amsa ake nema, sai ya canja. Nan na tuna 'yan ajina. Mun rene su kan kada su haɗa ido da babba, su ce "to" ga duk abin da aka faɗa. Wanda ya tsare irin wannan yaro da tambaya, ladabinsa zai auno ya tafi yana cewa ya auna saninsa.

Shi ya sa ranar da aka kai mu wata firamare a Gwale aka hana mu tambaya sam. Kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya zauna a kan tabarma can gefe, duk bayan minti biyu ya rubuta abin da yaron ke yi. An hana rubuta "ta yi fushi" ko "ba ta da ƙoƙari", sai abin da ido ya gani: ta jefar da alli, ta juya baya. Yana da wuya fiye da yadda ake zato, hannun malami ya saba da yanke hukunci. Yarinyar da na zaɓa, malamarsu ta raɗa mini cewa ba ta magana. Gaskiyarta, a cikin aji layi bayan layi abu guda na rubuta, tana tauna bakin hijabi tana kallon taga. Da aka fita tara sai ta tsuguna gindin darbejiya ta kasa tsakuwa kashi-kashi, ta ce tumatir ne, ganye kuma kuɗi. Wani yaro ya miƙo ganye biyar ya ɗebi kashi uku, ta mayar masa da biyu, har da gyara. Wani kuma da ya zo neman bashi ta ce, "Sai ka biya na jiya." Malamar ta karanta takardata shiru. Ban ga laifinta ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25, nata sun ninka haka, da wane ido za ta bi kowa gindin bishiya?

Kafin mu je sai da aka nemi yardar iyaye, aka kuma ce yaron da ya nuna ba ya so a ƙyale shi, kada a rubuta sunan kowa. Wannan ya yi mini daɗi, don na gaji da malaman da ke ɗaukar hoton 'ya'yan mutane suna kuka su watsa a WhatsApp.

Da dare na ba Goggo labarin wani gwaji da aka koya mana: a ajiye wa ɗan shekara huɗu abin daɗi, a ce idan ya jira minti 10 za a ƙara masa. Da aka yi shi da fanke ga yaran ƙabilar Nso a Kamaru, kusan kashi 70 cikin ɗari sun jira, yaran Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Goggo ta taɓe baki. "Su gwada ranar da uwar ta tafi unguwa," ta ce. Da na kai wa Dakta maganar, ta ce tambayar bincike ce sukutum, in rubuta ta.

Abin da ya ban haushi shi ne littattafai. A Sabon Gari na sami guda kan lura da yara, kuɗinsa ya kusa na atamfa, muka haɗa mu uku muka saya. Atamfar kanta a Kantin Kwari ta fi ta gida sauƙi nesa ba kusa ba, in dai ka tsallake 'yan kamashon da ke tare ka tun daga titi da "Hajjaju, me ake nema?" Masu adaidaita sahu kuwa da sun ji harshenka ba na birni ba ne, kuɗi ya tashi. Idan ka taya rabi ka yi kamar za ka wuce, su suke kira.

Marinar Ƙofar Mata daga cikin adaidaita na hango ta. Dala ban hau ba, gwiwa ta ƙi. A dawowa Wudil fayau, kafin la'asar muna gida, da ƙullin alkaki da dubulan da Goggo ta cusa mini a jaka. Hedimasta ya amince in yi wa iyaye bayani a taronsu na wata mai zuwa kafin in fara da 'yan ajina.