Sai Na Rufe Littafi Nake Sanin Abin da Na Karanta

Akwai abin da nake yi wa duk littafin da na ɗauka da muhimmanci. Idan na kai ƙarshen babi, sai in rufe shi in ture gefe, in jawo takarda in rubuta abin da marubucin ya faɗa, da ka, ba leƙe. In na gama sai in buɗe littafin in gwada nawa da nasa. Gaskiya babu daɗi a cikin wannan aiki. Daɗin yana can cikin karatun, lokacin da labari ko bayani ya ja ka har ka manta da inda kake zaune. Rufe littafi a daidai wannan lokaci sai an danne zuciya, don babi na gaba yana ta kiranka. Amma shekarun da na yi ina haka sun nuna mini cewa yawancin abin da ya zauna a kaina daga littattafai, a wannan ɗan tsayawar ya zauna.

Ido yana da yaudara. In ka sake bin shafin da ka karanta jiya, kowace jimla za ta zo maka a matsayin sananniya, sai zuciyarka ta ce ai ka riga ka sani. Gane abu idan an nuna maka daban, fito da shi daga kanka kuma daban. A 2006 wasu masu binciken ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗalibai. Sun ba su gajeren rubutu, wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa suka karanta shi a zama ɗaya kawai, sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu rubutowa da ka sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kuwa kashi 40. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne masu maimaitawar su ne suka fi tabbata cewa ba za su manta ba. Na san wannan tabbacin sarai, don ina jin sa duk lokacin da hannuna ya ƙi sakin littafi.

Sai dai ba batun hadda ne ya riƙe ni a kan wannan ɗabi'a ba. Da shi kaɗai ne, da tuni na gaji na bari. Abin da ya riƙe ni shi ne irin bambancin da nake gani tsakanin takardata da shafin marubuci. Mantuwa ba ta cin abu barkatai, tana zaɓe. Na taɓa karanta wani littafin tarihi a kan rushewar wata daula. Marubucin ya kawo dalilai: fari da ya daɗe, hanyar fatauci da ta kauce wa ƙasar, da rigimar gadon sarauta. Zaluncin masu mulki kuwa ya ambace shi ne a sakin layi ɗaya, ya ma ce hujjar da ke nuna ya fi na zamanin da ya gabata ba ta da ƙarfi. Da na duba abin da na rubuta, rabin takardar a kan zalunci ne, fari ya samu layi ɗaya, hanyar fataucin kuwa ko sunanta babu. Ni dama na daɗe da yarda cewa zalunci ne ke kayar da mulki, to sai kaina ya ɗauki littafin ya lanƙwasa shi ya dace da abin da ya tarar a ciki. Da ban gwada ba, da na je ina gaya wa mutane cewa wane ma haka ya ce, alhali bai ce ba.

Daga baya na ci karo da aikin Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge, wanda ya fito a 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta mutanen asalin Arewacin Amurka, mai ɗauke da fatalwa da al'amuran da ba su saba da su ba, sannan ya riƙa sa su maimaita ta bayan wani lokaci. Labarin ya yi ta gajarcewa, abubuwan da suka yi musu baƙunta suka zube ko suka rikiɗe suka koma irin waɗanda suka sani, har suna ƙara dalilan da babu su a asali don labarin ya hau kan hankalinsu. Abin da ya faru da takardata ke nan. Shi ya sa yanzu, idan na gwada, ba inda na yi daidai nake fara dubawa ba. Ina neman inda na kauce ne, don a nan ne marubucin ya faɗi abin da kaina bai so ji ba, kuma galibi shi ne sabon abin da ke cikin babin.

Wannan ya kai ni ga rubutu a gefen shafi. Da fensir nake karatu, kuma abin da nake rubutawa gajere ne: "ina hujja?", "ban yarda ba", "amma a babi na biyu ka ce akasin haka". Wani lokaci sunan wani littafi ne kawai da ya faɗo mini a rai. Akwai masu ganin wannan wulaƙanta littafi ne, ni ban gan shi haka ba, in dai littafin nawa ne. Na aro kuwa 'yar takarda nake saƙalawa a ciki. Malaman da suka gabata ai haka suka yi. Wani ya rubuta matani a dunƙule, wani ya zo ya yi masa sharhi, na uku ya cika gefen sharhin da hashiya, har hashiyar ta zama littafi mai zaman kansa da ake karantarwa. Kuma gefen shafi ya taɓa tayar da ƙura a duniyar lissafi: wajajen 1637 Bafaranshen nan Pierre de Fermat ya rubuta a gefen wani tsohon littafin lissafi cewa ya samo hujjar wata mas'ala, sai dai wurin ya yi masa kaɗan. Masana suka yi ta fama fiye da shekara 350, sai a 1994 Andrew Wiles ya kammala warware ta. Nawa rubutun ba zai hana kowa barci ba, amma yana hana ni wuce magana don kawai an tsara ta da kyau.

Idan na gama littafi gaba ɗaya, ina rubuta kwanan wata a shafin ƙarshe da 'yan layuka a kan yadda na gan shi. Wannan dabarar ba tawa ba ce. Michel de Montaigne, marubucin Faransa na ƙarni na 16, ya faɗa da kansa cewa saboda yawan mantuwa yakan ɗauki littafi a matsayin sabo, sai ya tarar da rubutun hannunsa a ciki, don haka ya koma rubuta lokacin da ya gama da hukuncinsa a ƙarshen littafi. Amfanin abin ba ya fitowa sai an kwana biyu. Ka buɗe littafin da ka karanta kana ƙuruciya, ka ga ka rubuta "ya cika jan magana" a kan babin da yau shi ne ya fi taɓa ka. Ko ka ga ka yaba wa marubuci a kan wani ƙarfin hali da yanzu kake gani a matsayin rashin sanin ciwon kai. Littafin yana nan yadda yake, ko wasali ɗaya bai canza ba. Ba ni da wani abu da ke nuna mini yadda tunanina ya sauya kamar waɗannan layukan, kuma ba kullum ne na yau ke da gaskiya ba. Akwai wuraren da na ga yaron nan ya fi ni kaifin ido, don lokacin bai koyi yi wa manyan sunaye kara ba.

Littafi mai wuya kuwa, shi ma na koyi yadda zan zauna da shi. Ibn Sina, malamin falsafa da likitanci wanda ya rasu a 1037, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa ya karanta littafin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, a kan asalin samuwar abubuwa sau arba'in, har ya haddace shi, amma bai gane inda aka dosa ba, ya fid da rai. Wata rana a wajen masu sayar da littattafai aka tallata masa wani ɗan ƙaramin littafi na malamin falsafa al-Farabi da ke bayanin manufar wancan, ya saya ba da son ransa ba. Yana karantawa sai komai ya buɗe masa, saboda matanin dama yana kansa. Mutane kan kawo wannan labari don nuna falalar naci. Ni abin da na ɗauka ya ɗan bambanta: karo na arba'in da ɗaya ba zai yi masa komai ba, wata murya ta biyu yake bukata. Don haka idan na bi babi na sake bi, takardata ta fito fayau, ba na ci gaba da buga kai. Ina neman wanda ya yi bayanin abin a sauƙaƙe, ko littafi ne ko mutum, sannan in dawo. Sau da yawa abin da ya tsare ni ba zurfin maganar ba ne, rashin sanin da wa marubucin yake jayayya ne. Da zarar na gano abokin gardamarsa, sai jimlolin su fara tsayuwa da ƙafafunsu.

Ƙagaggen labari ba na yi masa wannan duka. Tsayawa a ƙarshen kowane babi a yi ta rubutu kashe shi yake yi. Shi sai a bar shi ya kwashe ka. Tunaninsa yakan zo ne daga baya, ina tafiya ko na kwanta, kuma tambaya ɗaya nake yi wa kaina: a wane shafi ne na fara goyon bayan wane, kuma me marubucin ya yi har ya sa ni? Wani lokaci in na bi sawu sai in ga ba halin mutumin ne ya saye ni ba, kawai an fara nuna mini shi ne yana cikin wahala.

Littafin da ya ƙi ni kuwa ina ajiye shi ba tare da jin nauyi ba. Wasu na koma musu, wasu har yau.

Akwai kuma gwajin da ya fi takarda tsanani, wato ba wa wanda bai karanta littafin ba labarinsa. Takarda ba ta katse ka. Aboki kuwa zai bari ka yi nisa sannan ya ce, "To, shi ta yaya ya san haka?" ko "To sai me?" A nan ne ake gane ko hujjar marubucin ka riƙe ko sakamakonsa kawai. Ina da wani aboki da ba ya karatu sosai amma ba a wuce shi da magana maras tushe, kuma littattafai da dama sun ragu a idona bayan na kasa ba shi amsa, na koma na duba na tarar su ma ba su da ita.

Abin da wannan hanya ta ci mini shi ne yawa. Littattafan da nake gamawa a shekara sun ragu ƙwarai, tarin waɗanda ke jira kuma sai ƙaruwa yake yi, kuma wani lokaci ina kishin masu cinye littafi a dare ɗaya. Inda har yanzu nake kokawa shi ne karatu a waya. A can shafa wa jimla launi ba ya ɗaukar ko daƙiƙa biyu, sai ka wayi gari ka shafe rabin babi ba ka tsaya a kan ko ɗaya ba, ga saƙonni suna faɗowa ta sama. Dabarar da na samu zuwa yanzu ita ce in kashe intanet kafin in fara, in hana kaina shafa launi gaba ɗaya, duk jimlar da ta isa a adana kuma in kwafe ta da hannu cikin littafin rubutu, tare da dalilin da ya sa na kwafe ta a ƙasanta. Mafi yawansu ba sa kai wa ga haka, don kafin in ɗauko alƙalami na riga na ga ba su kai wahalar ba.