Inda na kai: fitar da sikimar bayanai daga aji a Python

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ɗan aikin da nake taɓawa in na samu sarari wata ƙaramar manhaja ce mai karɓar rajistar masu son shiga zaman karatu ta intanet. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: suna, shekaru, matakin da mutum yake, sai imel in yana so. Amma duk wanda ya taɓa karɓar bayani daga hannun jama'a ya san halinmu. Ka nemi shekaru a rubuta maka "ashirin da ɗoriya", ka nemi mataki a ce maka "to, ina dai taɓawa".

Abin da aka saba shi ne a rubuta dokokin sau biyu, ɗaya a fom ɗin da mutum zai cike, ɗaya a sabar da za ta karɓa. Ranar da aka gyara ɗaya aka manta da ɗayar, rikici ya tashi. Shi ya sa na koma bayyana siffar bayanin a wuri guda, cikin aji (`class` na Python) mai faɗin nau'in kowane gurbi, sauran duk su fito daga can. Ga abin da nake da shi yanzu da Pydantic, wani ɗakin karatun kod na Python mai tantance bayanai:

```python
class Rajista(BaseModel):
    suna: str
    shekaru: int = Field(ge=13, le=120)
    mataki: Literal["mafari", "matsakaici", "gwani"]
    imel: str | None = None
```

Alamomin nau'i irin su `str` da `int` sun shigo Python ne a sigar 3.5, shekarar 2015, kuma har gobe Python ba ya tilasta su yayin da shiri ke gudana. Pydantic ne ke karanta su ya mai da su doka. Da ka kira `Rajista.model_json_schema()` sai ya miƙo maka sikima, wato bayanin siffa da dokokin kowane gurbi, a tsarin JSON Schema bisa daftarin 2020-12. A ciki za ka ga shekaru sun zama `integer` mai `minimum` 13 da `maximum` 120, mataki ya zama `enum` mai zaɓi uku, sannan ga jerin `required` ɗauke da suna, shekaru da mataki. Duk manhajar da ta iya karanta wannan sikima za ta iya zana fom da kanta: akwatin lamba ga shekaru, jerin zaɓi ga mataki. Mai cewa "ina dai taɓawa" ba shi da inda zai rubuta hakan ma.

Gurbin imel ya cancanci a tsaya a kansa. A Pydantic na farko, in ka ce gurbi na iya zama `None`, shi ke nan, ya zama na ganin dama. A na biyu, wanda ya fito a 2023, an raba abubuwan. `str | None` kaɗai na nufin dole a turo gurbin, sai dai an yarda ya zo da `null`. Wannan `= None` na ƙarshen layi shi ke cire shi daga `required`. Ku goge shi ku sake fitar da sikimar, za ku ga imel ya shige jerin dole. Ni dai na fi son wannan tsarin, don "ba ni da imel" daban, "ba a tambaye ni ba" daban. Sai dai tsofaffin darussa da yawa a intanet da sigar farko aka rubuta su, ku riƙa duba wacce kuke karantawa.

Babban abin da na fahimta a wannan zangon shi ne sikima ba ta ɗaukar komai sai abin da nau'i da `Field` suka faɗa. Na rubuta wani ɗan guntun kod da `field_validator` mai ƙin sunan da bai kai haruffa biyu ba. Yana aiki lafiya lau a sabar, amma babu alamarsa a sikima, tun da kod ɗin Python ne zalla, JSON ba shi da yadda zai ɗauke shi. Ma'ana fom zai bar mutum ya tura, sai daga baya a dawo masa da kayansa. Da na mai da dokar `min_length=2` cikin `Field`, sai ga `minLength` ya bayyana, fom ya san da ita tun kafin a danna maɓalli. Yanzu duk dokar da za ta shiga `Field`, can nake kai ta. Wadda ta ƙi, kamar mai kwatanta gurbi biyu da juna, tana nan a sabar, sai in bayyana ta da kalmomi a `description` don mai cikewa ya gani.

Wajen tantancewa ma akwai sassauci da ya kamata ku sani. In aka turo "25" a matsayin rubutu, Pydantic zai juya shi lamba 25 ba tare da ƙorafi ba, sai in ka kunna `strict`. Ga fom wannan alheri ne. In kuwa aka turo "ashirin", za ka samu `ValidationError`, kuma kowane kuskure a cikinsa na zuwa da wurin da ya faru da irinsa: `int_parsing` ga wannan, `missing` ga gurbin da aka tsallake, `greater_than_equal` ga ɗan shekara 9. Saƙonnin da Turanci suke fitowa, don haka na yi ɗan ƙamus mai haɗa kowane iri da jimlar Hausa. Kada ku dogara da rubutun saƙon, ku kama irin.

Dalilin da ya sa na dage da wannan hanya shi ne ina son haɗa manhajar da MCP, ƙa'idar da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don haɗa mataimakan AI da kayan aiki. A bugun Yunin 2025 aka ƙara damar sabar ta dakata tsakiyar aiki ta nemi bayani daga mutum, ta hanyar tura saƙo tare da sikima. A wannan bugun sikimar dole ta zama shimfiɗaɗɗiya: rubutu, lamba, i ko a'a, ko zaɓi daga jeri. Aji cikin aji kuwa `$defs` da `$ref` yake haifarwa, wanda bai dace da nan ba, don haka niyyar da nake da ita ta ware adireshi a ajinsa daban na jingine ta. Ƙa'idar ta kuma hana neman abu mai haɗari irin kalmar sirri ta wannan fom.

Abin da ya rage mini shi ne amsar da mutum zai mayar wa wannan fom na MCP. Iri uku ce: mutum ya amince ya cike, ya ce a'a kai tsaye, ko ya rufe akwatin bai ce komai ba. Ta farko kaɗai ke zuwa da bayanan da zan zuba cikin `Rajista`. Sauran biyun nake rubuta wa hanya yanzu: wanda ya ƙi a ƙyale shi, wanda ya rufe a sake tambayarsa sau ɗaya in ya dawo.