Abin da lissafin jirgin ruwan shaƙatawa ya koya mini

A cikin kadarorin da na riƙe lissafinsu lokacin da nake aikin akanta a Legas, babu wadda ta koya mini ma'anar faɗuwar daraja kamar jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda masu hali ke ɗaurewa a gaɓar Ikoyi domin zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe a ƙarshen mako. Mota idan aka ajiye ta a gareji tana hutawa, amma jirgi yana cin kuɗi ne ko da bai motsa ba, domin ruwan gishiri ba ya daina cin ƙarfe, kuma ƙananan halittu masu ɓawo suna manne wa ƙasansa har sai an fito da shi tudu an kankare, an sake shafa masa fenti na musamman.

Darasin farko shi ne kada a lissafa jirgin a matsayin abu guda. Ƙa'idar lissafi ta IAS 16 ta bukaci a ware duk wani babban sashe a rage darajarsa daban, kuma a nan ne na ga hikimarta a zahiri. Gangar jikin da aka ƙera da faiba tana iya shekaru da dama, shi kuwa inji da awoyin aiki ake auna rayuwarsa, shi ya sa mai saye na hannu yake fara duba agogon awoyin kafin ya kalli kujeru. Masu ƙera injuna irin su Yamaha suna so a yi sabis duk bayan awa 100 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa, wato wanda ya hau sau biyar a shekara ma sai ya juye baƙin mai.

Sannan ga kuɗin wurin ɗaurewa, inshora, rajista, albashin matuƙi, da gyaran farfela idan ciyawar ruwa ta naɗe ta. Man fetur kuwa ba a magana: inji mai ƙarfin doki 200 yana iya shan kusan lita 70 a awa guda idan aka sake masa wuta, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya ninka.

Abin da ya fi ruɗar masu jiragen, a ganina, shi ne faɗuwar naira. Mutum zai sayar da jirginsa da kuɗi fiye da abin da ya biya a da, ya ɗauka riba ya ci, alhali ko sabon inji kaɗai kuɗin ba za su sayo masa ba, tunda da dala ake shigo da shi da kayan gyaransa. Saboda haka nakan tara duk abin da aka kashe a shekara, in haɗa da darajar da ta zube a farashin dala, in raba da awoyin da jirgin ya yi a kan ruwa, sannan in ajiye adadin kusa da kuɗin hayar jirgi irinsa na wuni ɗaya.