Yadda na zaɓi taron ɗaukar malamai ina sabon shiga

Makarantun ƙasa da ƙasa, masu bin manhajar Birtaniya ko ta Amurka ko ta IB (International Baccalaureate, wata manhajar ƙasa da ƙasa), yawancinsu a watan Agusta suke buɗe shekarar karatu, amma neman malamai tun Oktoban shekarar da ta gabata suke farawa. Kafin ƙarshen Fabrairu an cike gurabe masu maiƙo. Lokacin da na shiga wannan nema, a ƙarshen 2023, abin da ke hannuna shi ne digirin koyar da lissafi, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da shekarar bautar ƙasa, da 'yar koyarwar da na yi bayanta a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Guzurina kuwa bai wuce na taro guda ba, don haka tilas na zauna na yi nazari.

Tarukan suna da yawa, kowanne da mutanensa. Search Associates, hukumar sama wa makarantu malamai da aka kafa a 1990, ta yi suna da tarukan Janairu a Landan da Bankok, kuma ba a shiga sai da gayyata bayan an tantance takardunka. ISS (International Schools Services) ta girme ta, tun 1955 take aiki, hedikwatarta tana Princeton a Amurka. Jami'ar Northern Iowa tana shirya nata tun 1976, an kuma san shi da karɓar sababbin malamai hannu biyu. Akwai na Jami'ar Queen's a Kanada, akwai kuma wanda makarantun Kudancin Amurka suka daɗe suna yi a Atlanta. Kowa ka tambaya sunan Landan ko Bankok zai fara kira maka, ni ma can zuciyata ta fara karkata.

Wani babban malami da muka yi aiki tare, wanda ya koyar shekaru a Oman kafin ya dawo gida, shi ya zaunar da ni ya kwatanta mini yadda abin yake. Babban zauren otal ne, kowace makaranta da teburinta, an manna takarda a bango ɗauke da guraben da take nema. Ana buɗe ƙofa sai layi. Idan ka iso gaban shugaban makaranta, minti ɗaya ko biyu gare ka ka faɗi ko kai wane ne, shi kuma ya ba ka lokacin ganawa ko ya sallame ka cikin ladabi. Ya ce, "Ƙanena, a taron farkon kakar ɗaukar malamai wanda ke gabanka a layi ya yi shekara goma yana koyar da lissafin IB, matarsa kuma malamar firamare ce, gida ɗaya za a ba su a cike gurbi biyu. Da me za ka ture shi?" Na ce, "To Malam, mu namu ina yake?" Ya ce in daina kallon sunan taro, in nemi jerin makarantun da za su halarta.

Nan aikin yake, kuma nan na fi daɗewa. Na samu littafin rubutu na ja layuka. Kowace makaranta na rubuta sunanta, da ƙasar da take, da manhajarta, sannan tambayoyin da suka shafe ni: tana neman malamin lissafi? Tana ɗaukar wanda bai cika shekara biyu da koyarwa ba? Lasisin koyarwa na wace ƙasa take karɓa? A shafinta na intanet, cikin jerin malamanta, akwai ɗan Afirka ko ɗan Indiya ko ɗan Filifin, ko duk daga Ingila da Amurka da Kanada suke? Wannan ta ƙarshe ba a rubuta amsarta a talla, amma hotunan malamai suna faɗa. Sharaɗin shekara biyu kuma sau da yawa ba son ran makaranta ba ne. A Sin, misali, ka'idar izinin aiki ce ke neman haka, ko shugaban makaranta yana son ka hannunsa a ɗaure yake. Da na gama cike layukan, manyan tarukan nan da nake ɗoki kusan duk jan biro ne.

Sai maganar biza, wadda ɗan Amurka ko ɗan Birtaniya bai cika tunaninta ba idan yana ba ka shawara. Dubai ce ta fi mini sauƙi, ana kuma yin irin waɗannan taruka a can, amma a lokacin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza tun 2022, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024. Na Amurka da Kanada kuwa, ga kuɗin jirgi da otal a daidai lokacin da Naira ke zubewa, ga jiran biza da ba ka da tabbacin za ta fito kafin ranar taro, ga makarantun da akasarinsu lasisin can suka fi so. Daidai ruwa daidai tsaki: na zaɓi taron intanet da aka yi can ƙarshen kakar ɗaukar malamai, lokacin da makarantun da ba su cike gurabensu ba suka fara sassautowa, kuma a jerinsa na ga makarantun Afirka da na Asiya ta Tsakiya masu koyar da IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Birtaniya, da dama suna neman lissafi da kimiyya.

Abin da ya fi cin lokaci bai shafi taron ba, shaidar shugabanni ce. Ba takardar yabo ake so ka ɗauko a aljihu ba. Masu shirya taron ne ke tura wa shugabanka tambayoyi ta imel, ya cike a asirce, har da tambaya kan amanarka wajen kula da yara. Na je ofishin shugaban makarantarmu na ce, "Ranka ya daɗe, za a turo maka saƙo a kaina, ina roƙon a duba shi da wuri." Ya yi mini fatan alheri, ya cike a makon. Takardar shaidar 'yan sanda ma na nema tun kafin a tambaya.

Ranar ganawa na cika wa janareta mai, na ajiye wayoyi biyu da layuka daban saboda intanet. Shugabar wata makaranta a gabashin Afirka ba ta tsaya kan digirina ba. Ta ce in ɗauka ajina yara ne 'yan shekara 12, wasunsu Ingilishinsu bai nuna ba, in nuna mata yadda zan koyar da ɗebe lamba mai alamar ragi. Na ɗaga farar takarda gaban kyamara na zana layin lambobi, na yi bayani da bashi da biyan bashi, yadda nake yi wa yarana a Kaduna, waɗanda su ma Ingilishi ba harshen gida ba ne a wurinsu. Ta yi ta rubutu. Abin da na ɗauka ƙaramar gogewa ce, koyar da aji mai cunkoso da harsuna daban-daban, shi ta fi yi mini tambaya a kai.

Da tayin aiki ya zo, wa'adin amsa gajere ne, kuma a wannan harka idan ka ce ka karɓa, ko da baki ne, magana ta ƙare. Wanda ya janye daga baya sunansa ya ɓaci a wajen masu shirya taron. Saboda haka kafin in amsa na tambayi abin da na fi so kowane malami ɗan Afirka ya tambaya: a wane matsayi za a ɗauke ni, na wanda aka ɗauko daga waje ko na ɗan gida? Aji ɗaya ne, aiki ɗaya ne, amma na farko ne ke samun gida da tikitin jirgi da inshorar lafiya. Na nemi a rubuta shi ƙarara a kwantiragin shekara biyun, aka rubuta, sannan na sa hannu.

Yanzu ina haɗa takardun neman QTS, lasisin koyarwa na Ingila, wanda a Fabrairun 2023 aka ba malaman Najeriya da Gana masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna damar nema. Idan ya fito, ga shekarun IGCSE a hannu, Janairun da zan sake neman aiki zan nemi gayyatar Bankok, in Allah ya yarda.