Gyaran famfon injekta na janareta mai injin 186F: inda aiki ya kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyaran injin gas. Famfon injekta na wani janareta, wato abin da ke tura man gas (dizal) da matsi zuwa cikin injin, na buɗe shi, na canja abin da ya lalace, na mayar, kuma Alhamdulillahi injin ya tashi. Aiki bai kammala ba, don har yanzu akwai sauran gwajin nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin silinda, da saitin gudu idan an ɗora lodi. Amma gara in rubuta muku abin da na gani tun yana sabo a kaina.

Injin da nake magana shi ne 186F, ɗan China mai silinda ɗaya wanda iska ke sanyayawa, irin wanda ake ɗora wa janareta mai kilowat 5. Faɗin silindarsa milimita 86, girmansa cc 406, kuma ƙirarsa kwaikwayo ce ta Yanmar L100 na Japan. Wannan ya taimake ni ƙwarai, domin yawancin abin da littafin Yanmar ya bayyana game da famfon haka na tarar da shi a ciki.

Ciwon injin shi ne: da safe yana tashi ko da da ƙyar, amma in ya yi zafi aka kashe shi, sai ya ƙi tashi har sai ya huce. In aka ɗora masa injin walda ko famfon ruwa sai ya durƙushe, wuta ta yi ƙasa. Sannan baƙin mai yana ƙaruwa a ciki maimakon ya ragu, kuma yana warin gas. Wannan alama ta ƙarshe ita ta fi jan hankalina, domin gindin famfon a cikin cikin injin yake zaune, duk man da ya zurare ta gefen filanja, wato 'yar sandar ƙarfen da ke matsa mai a cikin famfon, cikin baƙin mai yake sauka. Ƙin tashi da zafi ma yana da dalili: gas in ya ɗumama tsinkewa yake yi, filanjar da ta cinye kuwa ba ta iya riƙe mai tsinkakke.

Duk da haka ban taɓa famfon ba sai da na wanke sauran wuraren daga zargi. Na canja filtar mai, na duba filtar iska, na tabbatar mai yana gangarowa daga tanki ba kumfa, na ji solanoyid, wato abin da ke buɗe hanyar mai da lantarki, yana ƙarar buɗewa in an murɗa makulli, na saita bawul a kan milimita 0.15 injin yana sanyi, na kuma ja igiya na ji matsi da ƙarfinsa. Ina roƙonku kada ku tsallake wannan. Famfuna da yawa ana buɗe su ne alhali lafiyarsu ƙalau, su lalace a hannun mai gyara saboda filta ta toshe kawai.

Kwance famfon daga jikin injin ba wuya. A rufe hanyar mai daga tanki, a cire tiyo, a kwance bututun ƙarfen da ke zuwa nozul. Wajen kwance bututun a riƙe notin da ke ƙarƙashinsa da wata sifana, in ba haka ba su juya tare. Noti uku ne ke riƙe da famfon, kuma akwai wata 'yar taga a gefe mai murfi, wadda ta cikinta ake hango ɗan tsinken famfon zaune a bakin cokalin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin. Ku leƙa ku ga yadda yake zaune kafin ku zare, ku ɗauki hoto da waya. Da famfon ya fito za ku ga siraran faifan ƙarfe a ƙarƙashinsa, su ne shim. Wasu suna mannewa a jikin famfon, wasu a jikin injin. Ku tattara su duka, ku auna kaurinsu, ku rubuta, ku ɗaure su wuri guda. Ba gaskit ba ne da za a yar a yanko sabo, taimin ɗin injin, wato lokacin da feshin mai ke farawa, gaba ɗaya a kansu yake.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, kuma inda nake so mu fi mai da hankali, wato tsafta. Tazarar da ke tsakanin filanja da gidanta, wanda ake kira barel, 'yan maikiron ne ƙalilan, biyu zuwa huɗu (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Silin gashin kan mutum yana kai maikiron 70. Ke nan ƙurar da ido ma ba ya gani ta isa ta karce filanja. Babu roba, babu zobe a tsakaninsu, dacewar ƙarfe da ƙarfe ce kaɗai ke riƙe matsin da zai buɗe nozul, wanda a wannan injin ya kai kilo 200 a kan kowace murabba'in santimita. Saboda haka ban buɗe shi a bakin gareji ba, musamman da yake iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na wanke bayansa tas da buroshi tukuna, sannan na shiga ɗaki na rufe taga, na shimfiɗa farar takarda a kan tire, na ajiye kwanoni biyu na gas da na tace, ɗaya na wankin farko ɗaya na ɗauraya. Tsumma bai shiga wannan aiki ba, domin zarensa ma datti ne a nan. Jikin filanja mai sheƙi kuma ba a kama shi da busasshen hannu, gumin yatsa yana sa masa tsatsa. A jiƙa hannu da gas, a riƙe ta ta gindi.

Na fara da sama: na kwance noti mai riƙe dilibari bawul, wato bawul ɗin da mai ke fita ta cikinsa zuwa bututun nozul, na fitar da sifirin ɗinsa, da bawul ɗin, da mazauninsa, da washar jan ƙarfe. Daga ƙasa kuma na danne babban sifirin na zare abin da ke riƙe shi, filanja ta fito, sannan hannun da ke juya ta, sannan barel ya fito ta sama. Kowane abu na jera shi a kan takarda bi da bi yadda ya fito, da fuskar da ya fito da ita.

Sai da na riƙe filanjar a hannu na fahimci abin da maigidana ya sha faɗa mana. Tafiyarta sama da ƙasa ba ta canjawa, ko injin yana huci da lodi ko yana zaman banza, kam ɗin da ke tura ta ɗaya ne. Abin da ke canja yawan mai shi ne juya ta. A jikin barel akwai ƙaramar huda da mai ke shiga. Idan filanja ta taso kanta ya rufe hudar, mai ya rasa mafita, sai ya ɗaga dilibari bawul ya nufi nozul. A jikin filanjar kuma an yanka wata karkatacciyar gaɓa, da zarar bakin gaɓar nan ya iso hudar sai matsi ya zube, feshi ya tsaya. Gwamna yana juya filanjar ne kaɗan, gaɓar ta iso da wuri ko a makare, mai ya ragu ko ya ƙaru. In aka juya ta har ƙarshe ba ta matsa komai, injin ya mutu. Tsarin nan tsoho ne, tun 1927 kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera famfon gas mai irin wannan filanja da yawa, kuma har yau ga shi a cikin janaretocinmu. Duk lokacin da na tuna haka sai in ƙara ganin girman abin.

Abin da na tarar a tawa filanjar: kan filanjar da bakin karkatacciyar gaɓar sun dushe, sun yi fari-fari, kuma da na kai ta hasken rana na ga siraran layuka a tsaye. Layukan tsaye aikin datti ne. A ƙasa kaɗan kuma akwai ɗige-ɗigen tsatsa, wannan aikin ruwa ne. Na yi mata gwajin zamewa: a wanke su biyun, a karkata barel kamar digiri 60, a jawo filanja wajen kashi ɗaya cikin uku, a sake ta. Mai lafiya tana sauka a hankali da nauyin kanta, ba tsayawa ba faɗuwa, ta kowace fuska aka juya ta. Tawa faɗawa ta yi kai tsaye.

Wani abokin koyo ya ba ni shawarar in goge ta da samfefa mai laushi ta dawo sheƙi. Don Allah kada kowa ya yi haka. Sheƙin zai dawo, amma tazarar ta ƙaru, matsi ya tafi ke nan. Filanja da barel tare ake goge su tun a masana'anta har su dace da juna, tare ake sayar da su, tare ake canja su. Ba a ɗauko filanjar wannan a sa a gidan waccan ko da lambarsu ɗaya. Haka dilibari bawul da mazauninsa. Na ɗauki tsofaffin kayan na tafi kasuwar Sabon Gari na gwada lambar da ke jikinsu da ta sababbin, na kuma duba cewa gaɓar ta karkata ɓangare ɗaya, don akwai mai karkata dama akwai mai karkata hagu.

Dilibari bawul mutane suna raina shi, alhali aiki biyu yake yi. Yana hana mai komowa daga bututu, sannan yana da wata 'yar ƙwarya a wuyansa da ke ja da mai baya kaɗan lokacin da yake rufewa, matsin bututu ya faɗi nan take, nozul ya datse feshi ba tare da ɗiga ba. In ƙwaryar ta cinye nozul zai riƙa tsiyaya, hayaƙi ya yi yawa, bakinsa ya tara gawayi. Gwajinsa shi ne a toshe ƙasan mazaunin da yatsa, a danna bawul ɗin a sake, ya kamata ya ɗan dawo sama da kansa. Nawa bai dawo ba, na canja shi tare da washarsa.

Sababbin kayan suna zuwa da wani mai mai kauri na hana tsatsa, sai an wanke shi sarai a cikin gas. Wajen haɗawa kowane abu a jiƙe yake shiga. Barel yana da tsaga da ke zama a kan wani ɗan tsinke a cikin gidan famfon, sai ya zauna daidai kafin a ɗora komai a kansa. Filanja kuma tana da alama da ake daidaitawa da ta hannun da ke juya ta, domin tana iya shiga a juye, gaba ya koma baya, a haɗa komai lafiya amma mai ya ƙi fita. Notin sama na ɗaure shi da sifanar awo daidai yadda littafi ya ce. Ɗaurin ƙarfi yana matse barel har ya ɗan lanƙwashe, filanja ta riƙa cijewa. Bayan ɗauri na motsa hannun gaba da baya na ji yana tafiya sumul. In kun ji ya cije ko kaɗan, ku kwance ku sake, kada ku ce zai saki da aiki.

Na mayar da famfon a kan shim ɗinsa na asali, na leƙa ta taga na tabbatar tsinken ya shiga bakin cokalin gwamna, na motsa libar gudu na ga suna tafiya tare. Wannan dubawar ba ta wasa ba ce. In tsinken ya kauce, gwamna ba shi da iko da mai, injin yana iya tashi ya yi ta ƙara gudu har ya fasa kansa.

Sai taimin. Na cire murfin fanka don in ga alamomin da ke jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin, na buɗe mai, na sa liba a wurin aiki, na juya injin har mai ya cika bakin notin sama ba kumfa. Na share shi, sannan na riƙa juya fulawil a hankali ƙwarai zuwa ƙarshen matsi, idona a kan bakin notin. Daidai lokacin da man ya motsa, nan feshi ke farawa, sai a tsaya a karanta alama. Ana maimaitawa har karatun ya tsaya wuri guda. A littafin tsohon L100 digiri 13 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma masana'antun China kowacce da lambarta, don haka ku bi littafin injinku. Nawa ya makara kaɗan, sai na zare shim mafi siranta. Ƙa'idar ita ce ƙara shim yana jinkirta feshi, rage shi yana gaggauta shi, kuma kowane milimita 0.1 yana motsa taimin kusan digiri ɗaya.

Kafin tayarwa na zubar da baƙin man da gas ya gurɓata na zuba sabo. Na sassauta bututu a wajen nozul, na danne libar sakin matsi, na ja har mai ya fito ba iska, na ɗaure. Na cire filtar iska na ajiye ɗan katako mai faɗi kusa da hannuna, don in injin ya ƙwace in toshe masa numfashi. Ya tashi da ɗan farin hayaƙi, ya washe. Na bar shi ya yi zafi sosai, na kashe, na sake ja, ya amsa nan take. A nan hankalina ya kwanta.

Akwai wani dunƙulen noti a gefen gwamna da aka ɗaure da waya ko aka rufe da hula, shi ke iyakance yawan mai. Ban taɓa shi ba, ku ma ku bar shi. Buɗe shi yana kawo baƙin hayaƙi da zafi, ba ƙarfi ba.

Tankin ma na sauke shi na wanke, kuma abin da ya fito daga gindinsa, ruwa da jan laka, shi ya kashe tsohuwar filanjar. Na gaya wa mai injin ya riƙa barin gas ya kwana a jarka kafin ya zuba, ya tace, kada ya juye na ƙasan, ya kuma guji man da aka sirka da kananzir, domin gas ɗin kansa shi ne man shafawar filanja, kananzir kuwa ba shi da wannan santsin.

Abin da ya rage: nozul zan kai wurin masu na'urar gwaji a ga ko yana buɗewa a kan kilo 200, da yadda feshinsa yake. Duk wanda zai je kallon wannan gwaji ya nisanta hannunsa daga bakin nozul, feshin yana huda fata ya shiga nama, kuma wanda ya same shi asibiti zai nufa a take ko da raunin bai fi tsinin allura ba. Bayan nan sai saitin gudu da mitar wuta, wadda ake aunawa da hez. Injin yana bukatar juyi 3,000 a minti kafin janareta ya ba da hez 50, don haka zan saita shi kusa da 52 babu lodi, in ɗora masa kaya kaɗan-kaɗan in ga inda zai zauna. In Allah ya yarda zan kawo muku lambobin da na samu.