Dalilin da ya sa na sauka daga shugabancin makaranta a wannan lokaci

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na miƙa shugabancin makarantar Katolika da na daɗe ina riƙe da ita a Bortsudan, garin tashar jiragen ruwa na Sudan, ga mataimakiyata, kuma tun da labarin ya bazu, iyayen yara da 'yan'uwa suke ta yi mini tambaya iri ɗaya, wato me ya sa zan tafi yanzu alhali ƙasa tana cikin yaƙi, makaranta kuma ta cika ta batse da yaran da suka gudo daga Khartum da Madani. Gaskiya ne shekaru sun ja kuma jiki ya fara nuna gajiya, amma ba wannan ne babban dalilina ba, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a fili.

Ni Bahaushe ne Musulmi. Kakannina suna cikin mutanen da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka ci Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙi, wasu suka zauna a Maiwurno kusa da Sinnar, namu kuma suka matso bakin Bahar Maliya da niyyar tsallakawa zuwa Makka ta Sawakin, zama ya kama su a nan. Mutane da yawa a Najeriya da Nijar sukan yi mamaki idan suka ji cewa irina yana shugabantar makarantar coci, amma a Sudan yaran Musulmi sun daɗe suna cika azuzuwan waɗannan makarantu, malamai Musulmi kuma suna koyarwa a cikinsu. Coci ce ke da makarantar, Fada ne ke kula da dukiyarta, manhaja kuwa ta gwamnati ce. Idan lokacin darasin addini ya yi, yaran Musulmi su tafi wurin malaminsu, yaran Kirista su tafi wurin nasu, sannan su sake haɗuwa a darasin lissafi. A tsawon zamana babu wanda ya taɓa neman in sassauta addinina, ni ma ban taɓa yarda a taɓa na wani yaro ba.

Abin da ya ja ni ga shawarar sauka yana cikin tarihin makarantun kansu. Daniel Comboni, limamin nan ɗan Italiya wanda ake kiran da yawa daga cikinsu da sunansa, ya rubuta shirinsa na aikin mishan a Afirka a 1864, kuma ginshiƙin shirin shi ne a horar da 'yan Afirka su ɗauki aikin da hannunsu, domin ya ga yadda zazzaɓi yake ƙarar da Turawan da suke zuwa. Shi kansa a Khartum ya rasu a 1881 yana da shekara 50. Abin da ya hango ya tabbata daga baya ta wata hanya dabam, domin a 1957 gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudancin Sudan, a 1964 kuma aka kori limamai da sistoci baƙi daga kudun baki ɗaya, aka bar aikin coci a hannun 'yan ƙasar da aka riga aka horar. Kwalejin Comboni ta Khartum, wadda aka buɗe a 1929, ta kai wannan zamani ne saboda kowane rukuni na malamai ya tarbiyyantar da na bayansa. Haka nan makarantun rumfa da aka kafa wa yaran 'yan gudun hijira a gefen Khartum a zamanin Kardinal Gabriel Zubeir Wako, yawancin malamansu daga cikin 'yan gudun hijirar aka samo su. Wanda ya yi aiki a irin wannan gida, sannan ya maƙale a kujera har ta zama ba ta da magaji, bai fahimci gidan da ya yi wa hidima ba.

Magajiya kuwa muna da ita, kuma yaƙin ne ya nuna mini haka. Bayan faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, garinmu ya zama matattarar jama'a, azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwanan iyalai, karatu ya tsaya cik na wata da watanni. Da aka zo sake buɗewa, mataimakiyata, 'yar asalin Duwatsun Nuba wadda ita ma a makarantar coci ta yi karatu, ita ce ta zauna da iyalan nan ɗaya bayan ɗaya har aka samo musu matsuguni ba tare da an wulaƙanta kowa ba. Ita ta tsara karatun safe da na yamma domin kujeru su ishi kowa, ta kuma gano ƙwararrun malamai a cikin waɗanda suka gudo, ta ba su aji. Da madatsar ruwa ta Arba'at ta fashe a watan Agustan 2024, ruwan sha ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, ita ce ta haɗa iyaye suka riƙa karo-karo ana sayen tanka, domin a zafin Bortsudan ba a tsare yaro a aji babu ruwa. Ni nawa a lokacin sa hannu ne da zuwa ofisoshi. Wanda ya ga haka da idonsa, adalci shi ne ya bar sunan aikin ya koma kan mai yin sa.

Na san inda damuwar 'yan'uwana Hausawa take, kuma ba na raina ta. Rikicin da ya auku a yankin Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, inda aka kashe mutanenmu aka raba dubbai da gidajensu, ya bar tabo a zuciyar kowane Bahaushe a ƙasar nan, ya kuma farfaɗo da tsohuwar maganar da ake jifan mu da ita cewa mu baƙi ne, duk da cewa a nan aka binne kakanninmu. Wani dattijo da jikokinsa suke wurinmu ya same ni ya ce, "Ustaz, idan ka tafi wa zai tsaya wa 'ya'yanmu?" Na ce masa, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, a makon da abin nan ya faru, ba ni ne na zaga azuzuwa na hana a kira yaranmu da sunan banza ba, ita ce, kuma ban sa ta ba." Na kuma tuna masa cewa bayan rabuwar kudu a 2011, lokacin da ɗalibai da malamai masu yawa suka tafi, iyaye Kiristoci da suka rage sun bar 'ya'yansu a hannun shugaba Musulmi ba tare da sun nemi wani nasu ya tsaya musu ba. Amanar da suka ba ni ita nake roƙon mu ba ta.

Ban bar mata aiki mai sauƙi ba. Darajar fam, kuɗin Sudan, ta zube ta yadda albashin malami ba ya kai shi tsakiyar wata, kuɗin makaranta kuma ba ya ƙaruwa sai an kori talaka, wanda dominsa aka kafa makarantar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda 'yan matanmu suke raguwa da zarar sun gama aji shida, wasu a tura su talla, wasu a yi musu aure, kuma a wannan lamari gidajen Hausawa ne a gaba. Wannan magana ce da ɗan gida ya fi iya faɗa wa 'yan gida, saboda haka ita zan sa a gaba yanzu da na sami sarari, in bi iyaye har zaurukansu da masallatansu.

Ofis kuwa ba zan riƙa leƙawa ba sai an kira ni, domin malamai da suka saba da tsohon shugaba sukan kai masa ƙara ta bayan gida, wannan kuma yana karya sabon. Duk mai buƙata game da ɗansa, ko rangwamen kuɗi ko neman gurbi, ya je wurinta kai tsaye. Majalisar iyaye za ta yi zaɓe a farkon zango mai zuwa, kuma ina roƙon 'yan'uwana, musamman mata, su fito a zaɓe su, domin har na sauka kujerun majalisar ba su taɓa samun Bahaushiya ko ɗaya ba.