Jirgin haya tare da matuƙansa

Na sayi tikiti a wani kamfanin jiragen sama na gida domin tashi daga filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja zuwa Legas, amma jirgin da muka shiga fari ne fat, babu tambarin kamfanin, kuma matuƙansa Turawa ne. Wani ma'aikaci ya bayyana mini cewa hayarsa aka yi daga wani sabon kamfani wanda ba ya sayar da tikiti ko ɗaya. Sana'arsa ita ce ba da jirgi tare da matuƙa da ma'aikata, ya kuma ɗauki nauyin gyara da inshora. Kamfanin da ya ɗauki hayar shi ke sayen mai, ya biya kuɗin sauka, sannan ya biya gwargwadon sa'o'in tafiya, galibi da dala.

A ganina, nan ne gizo ke saƙar, domin da naira ake sayar da tikiti. Duk da haka, a watan Disamba da lokacin jigilar alhazai, sa'ad da fasinjoji suka fi kujeru yawa, haya ta fi wa ƙaramin kamfani sauƙi a kan sayen jirgin da zai zauna babu aiki idan cunkoson ya wuce.